Kathak ko Bharatanatyam: wacce za ka biya kuɗin koyo?

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, mukan ɗauka rawarsu iri ɗaya ce. Hukumar Sangeet Natak Akademi da ke Delhi ta amince da rawar gargajiya har kala 8, amma wanda ya je neman makarantar koyo, biyu zai fi cin karo da su, wato Kathak da Bharatanatyam.

Bharatanatyam ta jihar Tamil Nadu ce, kuma makarantar Kalakshetra da Rukmini Devi ta kafa a 1936 ta taimaka wajen dawo da martabarta. Kyau gare ta, sai dai tana cin gwiwa, domin yawancinta a rabin tsugune ake yi, gwiwoyi a buɗe. Yaro zai jure, babba kuwa ya fara tambayar ƙafafunsa. Ga tsada: tufafin siliki, sarƙoƙi, sannan bikin fitowar farko da suke kira arangetram, inda iyaye ke biyan makaɗa da zauren taro.

Kathak ta arewacin ƙasar ce, ta bunƙasa a fadojin sarakuna, musamman a birnin Lucknow zamanin sarki Wajid Ali Shah, ga kuma salon Jaipur da na Banaras. A tsaye ake yin ta. Aikin yana ga dukan ƙasa da tafin ƙafa daidai da kiɗan tagwayen gangunan da ake kira tabla, da juyi kamar katantanwa. Kayan farawa ba yawa: doguwar riga da wando, sai akayau ɗin da suke kira gunguru. Na Kathak a igiya ake jera ƙararrawarsa, gwanaye kan ɗaura 100 ko fiye a kowace ƙafa, na Bharatanatyam kuma a kan fata ake ɗinkawa. Kada ka saye shi kafin malami ya faɗa maka adadin, nauyinsa na iya lahanta idon sawun sabon shiga.

Akwai batun da ya kamata ka tambaya tun kafin ka zare kuɗi. Bharatanatyam daga wuraren bautar Hindu ta fito, yawancin waƙoƙinta yabon allolinsu ne. Kathak ma tana da labaran Krishna, ɗaya daga cikin allolin, amma tana da ɓangare mai faɗi na zallar kiɗa da ƙafa.

Rawar Kathakali ta jihar Kerala kuwa, je ka kalla kawai, kwalliyar fuska kaɗai takan ci awa uku.

Ni dai in babba ne zai fara, Kathak nake ba shi shawara. Ya zauna ya kalli darasi ɗaya tukuna, ya ga ko malamin na gyara wa ɗalibai ƙafa ɗaya bayan ɗaya.