Sharhi Kan Aikin Saita Injin Mota Ya Riƙa Shan Man E85 a Minnesota

A gidajen mai da yawa na jihar Minnesota ta Amurka akwai famfo mai hannu ruwan ɗorawa da ke zuba E85, wato fetur da aka gauraya da ethanol da ake tatsowa daga masara. Jihar ce ta fara tilasta zuba ethanol a fetur tun 1997, saboda haka wannan mai ba baƙo ba ne a nan. Na kai motata, Subaru WRX mai turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska domin ƙara masa ƙarfi), wani ƙaramin gareji a wajen birnin Minneapolis domin a saita ta ta riƙa shan wannan mai, kuma ra'ayina shi ne aikin ya cancanci kuɗinsa, amma ga mai neman ƙarfin inji kawai.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne bakaniken ya ƙi taɓa kwamfutar motar sai da ya binciki lafiyar injin. Ya kwance fulogogi ya duba launinsu ɗaya bayan ɗaya, ya auna matsin kowace silinda, sannan ya ce famfon mai na cikin tanki ba zai wadatar ba, dole a sauya shi da babba. Dalilinsa a bayyane yake: fetur yana ƙonewa daidai ne idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai, shi kuwa E85 kusan kashi 9.8 yake bukata, don haka injin yana neman ƙarin mai da ya haura kashi 30 cikin ɗari. Idan famfo ya gaza a lokacin da aka take totur, injin zai yi zafi fiye da kima, fistin yana iya narkewa.

Inda garejin ya fi burge ni shi ne dagewarsa a kan sanya na'urar da ke auna yawan ethanol a cikin bututun mai. Sunan E85 yana ruɗar mutane, domin ƙa'idar Amurka ta yarda ethanol ɗin da ke ciki ya kama daga kashi 51 zuwa 83, kuma a lokacin hunturu ana rage shi sosai saboda mota ta iya tashi da sanyin safiya. Wanda aka saita wa inji a kan adadi guda, ya je ya sha mai mai ƙarancin ethanol, to ya jefa injinsa cikin haɗari bai sani ba. Da wannan na'ura kuwa, kwamfutar tana karanta abin da ke cikin tanki, ta daidaita yawan man da nozul ke fesawa, da lokacin da fulogi ke ba da wuta, da matsin turbo. Ina iya zuba fetur mai lambar oktan 91 (ma'aunin juriyar mai ga fashewa kafin lokacinsa) yau, gobe in ƙara E85 a kai, motar ta gyara kanta.

An ɗaure motar da igiyoyi a kan na'urar gwaji mai birgima da ake kira daino, ga babbar fanka tana hura mata iska ta gaba, shi kuma bakaniken yana zaune a kujerar direba da kwamfuta a cinya, idonsa a kan alamar da ke nuna ko man ya fara fashewa kafin lokacinsa. Wannan fashewa ita ce lambar oktan ke hanawa, kuma ta E85 ta haura 100, ga shi yana sanyaya cikin silinda yayin da yake zama tururi. Da ya ga ƙarin wuta ya daina ƙara ƙarfi, sai ya ja baya kaɗan ya tsaya a nan, ya ce mini, “Gara ka rasa ɗan ƙarfi ka tsira da injinka.” A kan titi bambancin ya fi fitowa a lokacin wuce babbar mota, musamman a ranakun zafi da a da motar kan yi nauyi.

Sai dai ina da ƙorafi. Ba su yi mini bayanin cewa sauya saitin kwamfuta yana iya sa kamfani ya ƙi ɗaukar nauyin gyaran inji a ƙarƙashin garanti ba, sai da na tambaya da bakina, alhali wannan shi ne ya kamata a fara faɗa wa mai sabuwar mota. Samun rana ma ya ɗauki lokaci mai tsawo. Na yaba musu dai da suka ƙi cire komai daga na'urorin tace hayaƙi, abin da dokar tsabtar iska ta Amurka ta haramta.

Batun tsimi kuwa, kada kowa ya sa rai. Galan ɗin E85 ya fi arha, amma tanki yana saurin ƙarewa, shi ya sa direbobin Brazil, inda motoci masu shan mai iri biyu suka bazu tun 2003, suke lissafin cewa ethanol ba ya riba sai farashinsa ya gaza kashi 70 cikin ɗari na fetur. Bakaniken ya kuma shawarce ni in riƙa juyen baƙin mai da wuri, kuma kada in bar E85 ya daɗe a tanki domin yana jan danshi. Mai motar da ba ta da turbo, wadda aka ƙera don fetur mai lamba 87, ba zai ga canjin da zai biya kuɗin wannan aiki ba, kuma garejin da kansa yana faɗa wa irin waɗannan masu motoci haka kafin ya karɓi makulli.