Kindle Paperwhite: ta dace da ido mai rauni, amma sai an gyara mata fayil

Mai karanta littattafan soyayya ba ya karanta shafi goma ya ajiye. Littafi ɗaya kan kai shafi ɗari huɗu, wani ma kashi uku ne ko huɗu, kuma yawanci da dare ake zama a kansa bayan an sallami hidimar gida. Duk na'urar da aka ɗora wa wannan aiki, ido ne zai fara ba da shaida a kanta, sai wuyan hannu. Da wannan ma'auni na auna Kindle Paperwhite, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, samfurin 2021 mai ma'ajiyar 8GB, na gwada ta da karatu iri uku: labaran soyayya na Hausa da na Turanci, tsofaffin tatsuniyoyin Turai da marubutan yanzu ke sake wa fasali, da littattafan ilimi a kan rayuwar masu nakasa.

Allonta inci 6.8 ne, mai ɗigo 300 a kowane inci, don haka harafi yana fitowa tsaf kamar bugun takarda. Hasken yana zuwa ne daga ƙananan fitilu 17 da ke gefen allon, suna shimfiɗa shi a kan shafin maimakon su harbo shi cikin ido kamar yadda waya ke yi. Ƙarfin hasken mataki 24 ne, kuma ana iya karkatar da launinsa daga fari zuwa ruwan ɗorawa. A ɗaki mai duhu, mataki 6 zuwa 8 tare da rabin ruwan ɗorawa ya wadatar. Wanda farin shafi ke kashe wa ido zai iya juya shi, rubutu ya koma fari a kan baƙi.

Inda ta fi yi wa mai raunin gani amfani shi ne girman harafi. Mataki 14 gare shi, ga kuma kauri da ake ƙarawa daban. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ƙara girma kawai a bar sauran yadda suke. Da zarar an wuce mataki na 9, kalmomi kaɗan ne ke shiga layi, idan kuma an bar layukan suna daidaita a gefe biyu sai manyan giɓi su buɗe tsakanin kalmomi, ido ya riƙa tuntuɓe. Maganinsa a mayar da jerin layuka zuwa hagu, a rage faɗin gefen shafi, a ƙara kauri mataki biyu, sannan a adana wannan tsari da suna don kada a riƙa maimaita shi. Sau da yawa ƙarin kauri ya fi ƙarin girma sauƙaƙa karatu. Akwai kuma nau'in rubutu mai suna OpenDyslexic, mai nauyi a ƙasan harufa, wanda aka ƙera domin waɗanda harufa ke cakuɗe musu. Wani yana jin daɗinsa, wani bai ga bambanci ba, sai mutum ya gwada da idonsa.

Nauyinta giram 205 ne, ana riƙe ta da hannu ɗaya awa biyu ba a gaji ba. Sai dai ba ta da maɓallin juya shafi, komai da taɓa allo ne, bakin allon kuma siriri ne. Mai rawar hannu ko ciwon gaɓoɓi zai riƙa tsallake shafi ba da niyya ba. Ana sayar da ɗan maƙali da ake matsewa a gefen allon, mai zuwa da ƙaramin rimot. Idan aka haɗa shi da marikin da ke tsayar da na'urar a gefen gado, mutum zai karanta hannunsa na cikin bargo.

Batir kuwa babu abin kuka. Kamfanin ya ce mako goma, amma lissafinsa na rabin awa ne a rana, intanet a kashe, haske a mataki na 13. Mai karanta awa uku kullum ya sa rai da ƙasa da mako biyu, wanda ko hakan ya isa ya raba mutum da zullumin ɗauke wuta. Kebul ɗinta USB-C ne irin na wayoyin yanzu. Tana jure ruwa, amma an ƙera ta ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, saboda haka kada a bar ta cikin mota da rana a watan Afrilu.

Yanzu ga inda aikin yake. Mafi yawan littattafan soyayya na Hausa a yau suna yawo ne a WhatsApp, wasu a PDF, wasu a fayil ɗin Word, wasu zallar rubutu da aka kwafo shafi-shafi. PDF shi ne mafi wahala, domin shafinsa a daskare yake: ba ya karɓar ƙarin girman harafi, sai dai a zuƙo shi a riƙa jan shafin dama da hagu. Duk gyaran harafin da na lissafa a sama ba ya aiki a kansa. Don haka a nemi fayil ɗin Word ko EPUB, wato tsarin fayil na littattafan lantarki, daga wurin marubuciyar idan an biya kuɗin littafin. Kuma a biya ɗin, don da wannan ɗan kuɗin take sayen data da cajin wayar da take rubutu da ita.

Idan Word ɗin ya samu, a buɗe shi a kwamfuta a yi gyara uku kafin a tura. Na farko, a share taurarin da ake sawa a WhatsApp don kaurara rubutu, da hotunan murmushi da na zuciya, domin taurarin za su fito a yadda suke, wasu hotunan kuma su zama akwati fanko. Na biyu, a sa wa kan kowane babi salon Heading 1. Da shi ne na'urar ke gane inda babi ya fara, in babu shi littafi mai babi sittin zai zama doguwar igiya ɗaya, wanda ya ɓace a tsakiya sai ya yi ta lalube. Na uku, idan fayil ɗin zallar rubutu ne, a adana shi da tsarin UTF-8, in ba haka ba harufa masu ƙugiya za su rikiɗe su koma alamomin da ba a karantawa.

Turawa ta intanet hanya biyu ce. Ta Send to Kindle, shafin Amazon na tura fayil zuwa na'urar, ana ɗora fayil har mai nauyin 200MB, ta imel kuma 50MB, amma dole adireshin mai turawa ya kasance cikin jerin waɗanda aka amince wa a asusun Amazon na mai na'urar, in ba haka ba saƙon ba zai iso ba. Wanda ba shi da intanet mai ƙarfi ya yi amfani da Calibre, manhajar kyauta ta kwamfuta, ya juya fayil ɗin zuwa AZW3, tsarin fayil na Kindle, ya tura ta kebul. EPUB da aka jefa ta kebul kai tsaye ba ya buɗewa, wannan yana ruɗa mutane da yawa su zaci na'urar ce ta lalace.

Sai batun ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Wasu nau'o'in rubutun da ta zo da su ba su da waɗannan harufa, sai ta aro su daga wani nau'in, su fito bare a tsakiyar kalma. A sauko da Andika ko Charis SIL, duk kyauta ne kuma an ƙera su da harsunan Afirka a rai, a haɗa na'urar da kwamfuta, a zuba su cikin jakar da aka rubuta wa fonts, sai su bayyana a zaɓin rubutu. Andika ya fi wa mai raunin gani daɗi saboda harufansa ba sa kama da juna.

Ga wanda ba ya gani ko kaɗan, hukuncina daban ne. Akwai mai karanta allo a cikinta, VoiceView, amma na'urar ba ta da lasifika ko ramin abin sawa a kunne, sai ta Bluetooth. Ana kunna shi ta danne maɓallin wuta na daƙiƙa 9, sannan a ɗora yatsu biyu a ware a kan allo. A littafin Turanci yana aiki, musamman wanda aka rubuta a bayanansa cewa yana karɓar mai karanta allo. A littafin Hausa kuwa, muryar ba ta san Hausa ba: tana furta kalmomin da ƙa'idar Turanci, babu karin sauti, babu bambancin dogon wasali da gajere, ƙ da k duk ɗaya. Shafin da aka ɗauka hoto kuma ba ta ganin komai a cikinsa. Makahon da burinsa labaran soyayya na Hausa, kuɗinsa ya fi amfani a waya mai kyau da sauraron masu karanta littattafan da muryarsu a rediyo ko YouTube.

A ɓangaren tatsuniyoyi ta burge ni ƙwarai. Tsofaffin tarin, irin na Charles Perrault da ya fito a Faransa a 1697 da na 'yan'uwan nan Grimm da ya fara fitowa a Jamus a 1812, duk suna nan kyauta a fassarar Turanci a Project Gutenberg, shafin intanet da ke tara tsofaffin littattafai. Ina ba da shawarar a karanta tsohon zubin kafin sabon, minti goma ne kawai, domin a nan ake gane abin da sabuwar marubuciya ta gyara. A zubin Grimm na labarin Sindirela, 'ya'yan matar ubanta suna yanke yatsa da dunduniya don takalmi ya shiga, a ƙarshe kuma tattabaru su tsone musu ido. Makanta a can hukunci ce ga mugu. Namu tatsuniyoyin ma ba su rasa makaho da gurgu da kuturu a irin wannan matsayi ba. Wanda ya ajiye littafin da mai nakasa ya rubuta game da rayuwarsa kusa da waɗannan, zai fara lura da ko sabon zubin ya bar gurguwa ta samu masoyi tana gurguwarta, ko sai an warkar da ita tukuna a shafin ƙarshe. Samun littattafan uku a hannu ɗaya, ana tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba tare da rasa shafi ba, shi ya sauƙaƙa irin wannan karatu.

Littattafan ilimin suna amfana da ƙamus: a danne kalma ma'anarta ta fito, ko babu intanet. Bayanan ƙasan shafi suna buɗewa a ɗan akwati, duk abin da aka ja wa layi kuma yana taruwa a fayil ɗaya da za a iya kwafewa zuwa kwamfuta. Rauninta a nan jadawali ne da hotuna, domin allon baƙi da fari ne, zane mai launuka yana zama toka-toka.

Mai sayen ta hannu ya sa a haɗa ta da intanet a gabansa ya yi mata rajista da nasa asusun kafin ya miƙa kuɗi, domin wadda aka kai rahoton ɓatanta ba ta karɓar rajista. Ya kuma buɗe farin shafi, ya kai haske mataki na 24, ya duba ko akwai tabo ko layin da ya mutu a allon, don shi ne ɓangaren da gyaransa ya fi tsada.