Gargaɗi ga magidanta kan mai allurar haihuwa da ke bin kasuwannin Kebbi

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a Birnin Kebbi, kuma ina jan hankalin 'yan'uwa game da wani mutum da ke bin kasuwannin ƙauye tsakanin Jega da Argungu, sanye da farar riga irin tamu, da lasifika a kan mota, yana shelar cewa yana da allurar da ke sa namiji ya samu haihuwa, da kuma ƙullin ƙwayoyi na ɗaurewar jijiya da riƙewar ƙugu. Ba ya nuna lasisi, kuma ba ya ba da rasit.

A makon jiya wani manomin shinkafa ya zo wurinmu, shekararsa shida da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. Buhun shanshera uku ya sayar ya biya kuɗin allurar. Da ya zaro 'yar kwalbar daga aljihu, naɗe cikin baƙar leda, sai na ga an kankare rabin rubutun, amma abin da ya rage ya isa a karanta: testosterone. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ko da yake shi ne sinadarin mazantaka, idan aka ɗura wa mutum shi ta allura sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya wadatu, ta daina aika saƙon da ke sa maraina aiki, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani lokaci ma su ɗauke gaba ɗaya. Mutum zai ji ƙarfi da sha'awa sun ƙaru, ya yi ta yabon magani, alhali abin da ya fita nema ne ake rage masa. Ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, saboda haka ko an daina allurar, sai an yi watanni kafin jiki ya farfaɗo.

Ƙullin ƙwayoyin ma bai fi ta sauƙi ba. A ciki na gane diazepam da dexamethasone. Na farkon yana sassauta tsoka, amma yana sa barci, jiki kuma yana sabawa da shi, kuma idan ya haɗu da tiramol yana iya danne numfashi. Ku tuna da ɗan acaba ko mai tuƙa kwale-kwale a Yawuri da zai sha shi da safe. Na biyun yana kumbura fuska, yana hawar da jini da sikari. Ciwon ƙugun mai wuni duƙe a fadama sau da yawa hutu da gashi da ruwan ɗumi sun ishe shi.

Idan ma'aurata suka shekara ba ciki, gwajin maniyyi ne matakin farko, kuma asibiti ake zuwa dominsa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce ana sa ran aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. Hangum bayan balaga, ciwon sanyi da ba a magance ba, da kumburin jijiyoyin maraina duk suna jawo matsalar, kuma wasunsu ana gyara su. Ina roƙon mazaje su daina barin mata su kaɗai da zirga-zirgar asibiti da gorin dangi, domin a kusan rabin irin wannan matsala akwai hannun namiji.

Wanda ya jima yana shan ƙullin nan kada ya daina rana ɗaya, domin barin waɗannan ƙwayoyi farat ɗaya yana da haɗari. Ya tattara ragowar da kwalaben ya kai wa likita, sannan a kai rahoto ofishin NAFDAC da ke Birnin Kebbi tare da lambar motar.