Airis mai fure sau biyu: wanne za ka saya, kuma a ina zai yi?

Masu sayar da furanni a Amurka da Turai sukan tallata wasu nau'o'in airis mai gemu, wato furen ado mai layin gashi kamar gemu a jikin furensa, da cewa suna fure sau biyu a shekara, na farko tsakanin Afrilu da Yuni, na biyu daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Irin da yake maimaita fure kowace shekara a Kalifoniya mai ɗumi yana iya daɗewa a Minnesota mai tsananin sanyi bai maimaita ko sau ɗaya ba. Saboda haka kafin ka tambayi launi ko kuɗi, tambayi mai sayarwa a wane yanki aka ga wannan iri ya sake fure.

Dalilin yana cikin saiwar. Airis mai gemu yana da saiwa mai kauri da ke kwance a saman ƙasa kamar ɗanyar citta, kuma kowace saiwa sau ɗaya take fure a rayuwarta, sai ta fitar da 'ya'ya a gefe. A irin gama-gari 'ya'yan sukan ɗauki shekara kafin su ƙosa. A mai maimaitawa cikin 'yan watanni suke ƙosawa, muddin sun sami rana da ruwa da taki, kuma sanyi mai daskarar da ruwa bai riga su ba. Sau da yawa a arewacin Amurka karan furen yakan fito a Oktoba, sanyin dare ɗaya ya ƙone shi tun bai buɗe ba.

Inda hunturu ke saurin shigowa, mun fi amincewa da irin da Lloyd Zurbrigg, mai samar da sababbin nau'o'in airis, ya samar a jihar Bajiniya ta Amurka, don shi maimaita fure a yankin sanyi ya sa a gaba. Immortality, fari, na shekarar 1982, shi ne aka fi gwadawa. Harvest of Memories rawaya ne, na 1985. Baby Blessed gajere ne, kuma gajeru sukan riga dogaye ƙosawa, abin da ke da amfani inda lokacin girma bai da tsawo. Inda hunturu ke da sauƙi zaɓi ya yi yawa, har da Autumn Circus na Ben Hager da Best Bet na gonar Schreiner a Oregon. Ƙungiyar Reblooming Iris Society tana tattara rahoton inda kowane iri ya maimaita, ya kamata a duba kafin a biya.

Wanda ke Kano ko Damagaram ya ga hoton a intanet, kada ya kashe kuɗinsa. Airis mai gemu yana buƙatar sanyin hunturu na gaske kafin ya yi fure, zafi da ruwan damina kuwa ruɓar da saiwar suke yi. Danginsa na gabashi da kudancin Afirka, Dietes, ya fi jure zafi, kuma yana fure a kai a kai. Dietes mai farin fure ba a yanke masa kara, daga jikinsa wani furen zai sake fitowa.

Sai ƙasa. Mai gemu yana son wadda ruwa ba ya kwanciya, mai awon tsamin ƙasa (pH) kusan 6.5 zuwa 7, da rana ta aƙalla awa 6. In ƙasarka laka ce, yi kunya mai tudun santimita 10 zuwa 15 ka dasa a kai. In fadama ce mai jiƙa kullum, bar mai gemu ka sayi airis na Siberiya ko na Luwiziyana. Su suna son danshi, sai dai ba a cika dogara da su wajen fure na biyu ba.

Ban ruwa ne ya fi ba mutane wahala. Irin gama-gari yana hutawa da zafi, ba ya neman ruwa sosai. Mai maimaitawa bai da hutu: in ba a yi ruwan sama ba, a shayar da shi sosai sau ɗaya a mako ɗaya ko biyu, a bar saman ƙasa ya bushe kafin a ƙara. In ruwa ya yi kaɗan, 'ya'yan su tsaya, babu fure na biyu. In ya yi yawa ga zafi, saiwar ta yi laushi tana wari. Da ka ga haka, kankare ruɓaɓɓen wurin da cokali har ka kai ga mai tauri, ka bar shi ya sha rana. Taki kuma sau biyu ne, da farkon toho da kuma bayan furen farko, mai ƙarancin naitirojin irin NPK 5-10-10, a zuba a kewaye ba a kan saiwa ba. Yuriya da ɗanyen kashin dabbobi ganye kawai suke ƙarawa, su jawo ruɓa. Karan furen farko a yanke shi daga gindi kada ya ɓata ƙarfi wajen yin iri.

Ranar saye, matsa saiwar da yatsa. Ta kasance mai tauri da nauyi, ba rami, ba wari, da alamar 'ya'ya a gefe. Wadda aka haƙo a Yuli ko Agusta daga gonar da ke kusa da yankinka ta fi wadda ta daɗe a leda a kanti. Dasa ta da tazarar santimita 30 zuwa 60, bayanta a waje ko ƙasa ta ɗan rufe shi kaɗan, aƙalla mako 6 kafin sanyi mai ƙarfi. Shekarar farko ba lallai ta maimaita ba, kuma bayan shekara 2 ko 3 sai an raba, don mai maimaitawa yana saurin cunkushewa.