Karatun Sirilanka a katin memori: ya iya doka, ya manta da Musulmin Gabas

A wasu shagunan tura sauti da ke kewayen babbar kasuwar Maradi ana samun jerin karatu da Hausa, kashi 6, kan rikicin ƙabilar Tamil da tsarin mulkin Sirilanka. Kowane kashi ya kusa minti 40, kuma ko ƙaramar waya tana buɗe shi. Ku sa mai shago ya jera su da lamba, in ba haka ba waya za ta hargitsa su. Sautin kashi na 5 ya yi ƙasa, sai da abin sawa a kunne.

Tarihin farko an bi shi da sauri kuma daidai: dokar 1956 da ta mai da Sinhala, harshen ƙabila mafi rinjaye, kaɗai harshen gwamnati, yarjejeniyar firaminista Bandaranaike da jagoran Tamil Chelvanayakam ta 1957 da aka yi watsi da ita, kisan da aka yi wa ƴan Tamil a watan Yuli na 1983.

Inda karatun ya ci kuɗinsa shi ne gyara na 13 da aka yi wa tsarin mulki, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar firaministan Indiya Rajiv Gandhi da shugaban Sirilanka Jayewardene a 1987. Malamin ya warware shi dalla-dalla: majalisun larduna, harshen Tamil ya zama na gwamnati, an raba iko gida 3, na lardi, na haɗin gwiwa tsakanin lardi da tsakiya, da wanda gwamnatin tsakiya a Kolombo ta riƙe. Sannan ya nuna inda gizo ke saƙar. Gwamnan lardi naɗin shugaban ƙasa ne, ba zaɓaɓɓe ba. Ikon ƴan sanda yana rubuce amma ba a taɓa miƙa shi ba, na filaye kuma gwamnatin tsakiya ta danne. Kotun ƙoli ta raba lardunan Arewa da Gabas, waɗanda aka haɗe bayan yarjejeniyar, a 2006. Lardin Arewa bai yi zaɓen majalisarsa ba sai 2013, shekara 4 bayan ƙarshen yaƙin basasa. Ya kuma bayyana abin da ke hana tsarin tarayya: sashe na 2 na tsarin mulki ya ce ƙasa ɗaya ce dunƙulalliya, taɓa shi kuwa sai da kashi biyu bisa uku na majalisa da ƙuri'ar raba gardama. Wannan bayani mun yaba masa ƙwarai.

Abin da ya ɓata mana rai shi ne rashin ambaton Musulmi. Yawancinsu Tamil suke ji, amma suna ɗaukar kansu al'umma dabam, kuma mayaƙan LTTE, ƙungiyar ƴan awaren Tamil, sun kore su daga Arewa a watan Oktoba na 1990. In ba a san wannan ba, ba za a gane dalilin da ya sa da yawansu a Gabas ke tsoron sake haɗe lardunan biyu ba. Batun kuɗi ma an tsallake shi, alhali larduna da abin da tsakiya ta ba su suke rayuwa.

Ɗaliban shari'a da ƴan jarida su saya, su fara da kashi na 3 da na 4, su nemi tarihin Musulmin Gabas a wani wuri.