Rayuwar jin daɗi ko ɗaure ciki don a huta da wuri?

Malamai biyu na sani a Birnin Kebbi, albashinsu ɗaya. Na farko ya kama haya mai tsada, ya sayi mota, 'ya'yansa suna makarantar kuɗi, kullum da nama a tukunya. Ban ga laifinsa ba, yara ba sa jiran mutum ya tara dukiya kafin su girma. Amma kafin ashirin ga wata aljihu ya bushe, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 motar ta fi zama a ƙofar gida. Sai ya kai shekara 65 ko ya cika 40 yana aiki zai huta.

Na biyu yana gidan gado, babur yake hawa. Abin da ya rage yana zubawa a noman rani na shinkafa a fadamar Argungu da kiwon raguna, yana so ya ajiye alli yana ɗan hamsin. Shi na fi karkata gare shi, domin buhun shinkafa yana bin tashin farashi, naira a banki kuwa narkewa take yi. Tsorona ɗaya ne, ambaliya na iya cinye gonar a dare guda, kuma dangi har yanzu marowaci suke ce masa.