Rahoto daga Utah kan kayan ƙafar motocin daji

Assalamu alaikum, Maigida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali da yaran gareji suna lafiya, ga bayanin da ka nema game da mahaɗan ƙafar mota da ake sayarwa a nan Amurka, da ko akwai wanda ya cancanci in aiko maka domin motocin da ke shiga ƙauyuka.

Garejin da nake aiki a jihar Utah yake, kuma yawancin masu kawo mana mota masu Jeep Wrangler ne da Toyota Tacoma, domin ba a sayar da Hilux a ƙasar nan. Akasarinsu a ƙarshen mako suke tafiya Moab, garin jajayen duwatsu da ake taron Easter Jeep Safari tun 1967, su hau tsaunuka don nishaɗi, sannan su dawo kan kwalta. Wannan ya sa abin da suke nema ga ƙafar mota shi ne ta lanƙwashe sosai, taya ɗaya a kan dutse ɗaya a cikin rami, ba tare da ta ɗaga daga ƙasa ba.

Bushin na roba, wato zoben robar da ke mahaɗin hannun ƙafa da jikin mota, wanda muka saba da shi, yana nan a kan kowace sabuwar mota. Robar a manne take da ƙarfenta, don haka murɗewa take yi, tana shanye girgiza, kuma ba ta neman giris. A nan na ƙara tabbatar da abin da kake yawan faɗa mana, cewa ba a ƙulle kusoshinta sai an sauke mota daga jak ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta yage cikin 'yan watanni.

Akwai kuma na foliyuretan, wani abu mai kama da roba, mai launin ja ko baƙi, wanda ya fi roba tauri kuma mai ba ya cin sa. Sai dai zamewa yake yi a kan ƙarfe, don haka da giris ya bushe sai ya fara kuka kamar ƙofar tsohon shago, kuma taurinsa yakan tura wahalar zuwa wurin walda.

Wanda samari suka fi ɗoki shi ne Heim, wanda a Ingila ake kira Rose. Ƙwallon ƙarfe ne a cikin zoben ƙarfe, da zare a jikinsa wanda ake ƙara tsawon hannun ƙafa ko a rage. Yana juyawa ta kowace fuska, kuma a motar tsere babu kamarsa. Amma a buɗe yake, ba shi da murfin da zai kare shi, kuma duk wani karo da taya ta yi sai direba ya ji shi a ƙashin bayansa. A nan gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cinye shi. Da na tuna ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyin burji, da yashin da Land Cruiser ke ratsawa daga Agadas zuwa Dirku da lodi har sama, sai na ga cewa a wurinmu ba zai daɗe ba zai fara ƙwanƙwasa.

Johnny Joint, wanda kamfanin Currie ya fara fitowa da shi, ya tsaya tsakani: ƙwallon ƙarfe ne a cikin foliyuretan, yana da bakin giris, kuma ana kwance shi a sauya cikinsa. Ya burge ni, amma yana son mai mota wanda ba ya manta giris, ka kuwa san direbobin haya.

Inda suka fi mu shi ne wajen ciniki. Kana ba da lambar jikin mota za a fito maka da ainihin kayan da suka dace, da garanti a rubuce, kuma in bai yi ba ka mayar a ba ka kuɗinka. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sai mutum ya san ido kafin ya bambance na asali da jabu. Inda muka fi su kuwa shi ne aikin hannu. Kuɗin bakanike a nan yakan wuce dala 100 a awa ɗaya, shi ya sa ba a ɓata lokaci wajen matse sabon bushin, sai a cire hannun gaba ɗaya a jefar, alhali ƙarfensa lafiya lau yake.

Saboda haka shawarata ita ce mu tsaya kan robar asali ta Toyota. Ka sa yara su rubuto mini lambar jikin motocin Toyota biyu da za a sa wa kayan, domin in tambayi dillali ko zai iya yi mana odar robarsu, tun da ba motocin kasuwar nan ba ne. Zan haɗa da Johnny Joint guda biyu ka kwance ka gani da idonka.